Ranar da Beyar Ɗina Ya Zama Kifi a Gaban Baffa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fizge hannuna daga hannun yayan mahaifina saboda wata dabbar da ko rai ba ta da shi ba. Har yau idan abin ya faɗo min a rai, ko a bayan ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, nake a tsakiyar cunkoson Douala, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma tunda 'yan gidanmu sun riga sun kai labarin har Garoua, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, gara in ba da shi da bakina.

Ni magidanci ne, da mata da 'ya'ya, ina aiki a wani kamfanin fiton kaya daga tashar jiragen ruwa. Daga Litinin zuwa Juma'a ina sa riga mai wuya da takalmi sau-ciki, ina zuba Faransanci, ana ce min Monsieur. Ranar Asabar bayan la'asar kuwa, sai in zauna gaban kwamfuta a falona da ke cikin gidanmu na gado a New Bell, in zama beyar. (Beyar wata ƙatuwar dabba ce mai gashi ta ƙasashen sanyi. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, kuma ba na fata.)

Bari in yi bayani saboda waɗanda Allah ya tsare daga wannan jarabar. Wasa ne na intanet. Kowa yana zaune a gidansu, a haɗu a zama ƙungiya, a shiga kogo a yaƙi dodo. Mu goma ne a tamu, duk 'yan Douala, da lasifika a kunne da makirufo a baki muna jin juna. Akwai masu dukan dodo, akwai masu warkar da wanda ya ji rauni, sannan akwai mutum ɗaya da ake kira tanki. Aikin tanki shi ne ya tsaya gaban dodo, ya tsokane shi, ya sha duka a madadin kowa. Muddin yana tsaye, sauran suna aikinsu hankali kwance. Da zarar ya faɗi, dodo zai juya ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gama da su, wahalar yinin ta tashi a banza.

Ɗan wasan da na zaɓa mai rikiɗa ne. In na danna wani maɓalli sai ya zama beyar, don shan duka. In na danna wani ya zama damisa, don yakushi. Akwai na uku da ke mayar da shi kifi, wanda don tsallake kogi kawai aka yi shi, a kan tudu ba abin da yake iyawa sai birgima.

Na daɗe ina damisa a ƙungiyar, ina can baya ina yakushin ƙafar dodo, ba wanda ma ya san ina yi. Raina kuwa yana kan kujerar tanki. Shi ke cewa a tafi a tafi, shi ake yi wa sannu da aiki idan an ci nasara. Ana nan sai matar tankinmu ta haifi tagwaye, bawan Allah ya ajiye wasa ba shiri. Shugabarmu Solange ta ce za ta gwada ni. Ita Solange 'yar Bépanda ce, aikinta ladabtar da ɗalibai a wata makarantar sakandare, kuma da muryar da take yi wa ɗaliban take yi mana magana. Akwai wani dodo mai kai biyu da ya daɗe yana hana mu wucewa. Ta ce idan na riƙe shi ranar Asabar, kujerar ta zama tawa. Idan na kasa, in koma yakushin ƙafa, ta nemo wani.

A nan ne maganar tsari ta shigo. Wasan yana ba ka maki 'yan kaɗan, kai za ka zaɓi inda za ka zuba su, kuma ba sa isa ko'ina. Ga mai rikiɗa da ke son zama tanki, hanya biyu ce. Ta farko ana ce mata fata. Ka zuba makinka duka a kaurin fata da yawan rai, da wani ɓangare da ke sa beyar ya riƙa rama duka da kansa don kada dodo ya manta da shi. Ka tsaya kawai, a yi ta jibgarka. Ta biyun ana ce mata rawa. Ka kwashe makin daga fata ka zuba a farce da sauri. Dodo ya kawo duka kana beyar, kafin ya sake ɗaga hannu ka zama damisa ka yakushe shi, ka koma beyar kafin dukan ya sauka. Abin gwanin kyau. Aibinsa ɗaya, yatsunka ba sa hutawa ko na ƙiftawar ido, kuma idan duka ya same ka kana damisa, sai dai wani ba kai ba.

Ba sai na gaya muku wadda na zaɓa ba. Na kalli wani Bature a bidiyo yana rawar nan, lambobi suna ta tashi a kansa, na ji a raina ai ni aka yi wa wannan tsarin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka tsaya wajen mai soya, wato mai tsire, ni da Nuhu. Abokina ne tun muna firamare, a kantin magani yake aiki, a wasan ma shi ne mai warkarwa, wato raina a hannunsa yake. Na ba shi labarin tsarina baki har kunne. Ya daɗe yana tauna nama kafin ya yi magana.

"Mon frère, ka ɗauki fatar nan. Vraiment."

"Fata ta tsofaffi ce," na ce. "Ko buhun shinkafa ka ajiye a kan kujera zai iya."

"Ai buhun muke nema. Ka tsaya a duke ka, ni in yi ta yi maka magani. Rawar nan ba ta son ka ɗaga hannu, kai kuma gidanku ƙofa ba ta rufuwa."

"Asabar da la'asar wa zai zo?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce in miƙo masa yaji. Ni kuwa na koma gida ina tausaya masa, don a ganina mutum ne da ba shi da buri. Da safiyar Asabar na sake jera maɓallaina don rawar ta yi sauri, na sa beyar da damisa kusa da juna. Kifi ya rasa wurin zama, na cusa shi gefen beyar da niyyar in matsar da shi daga baya. Ban matsar ba.

Yanzu sai in gabatar muku da Baffa Ilu. Yayan mahaifina ne, tsohon ɗan kasuwar goro, tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gare mu. Ya koma Cité des Palmiers wajen babban ɗansa, amma duk Juma'a yana zuwa New Bell ya yi sallah ya zaga dangi. Ba ya kiran sunana, saboda sunan mahaifinsu na ci, Babana yake ce min. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Abu ɗaya aka san shi da shi a unguwa, gaisuwa. Baffa zai kama hannunka da nasa biyu, ya tambayi matarka, da 'ya'yanka kowa da sunansa, da mahaifiyarka da ya gaisa da ita yanzun nan a tsakar gida, da aiki, da zafi, da ruwan sama, da surukanka na Ngaoundéré, sannan ya rufe ido ya ja addu'a. Ba ya sakin hannun sai an shafa. (Matan gidanmu idan suka ji sallamarsa, tukunya suke fara saukewa.) Amma Baffa na Juma'a ne, shi ya sa ko a lissafi ban sa shi ba.

An yi ruwa da safe, rana ta buɗe da irin zafin nan na Douala mai sa riga ta manne a baya, don haka na bar ƙofar falo a buɗe, labule kawai. Na ja wa matata Zulai kunne kada a bar kowa ya shigo.

"In an zo in ce ba ka nan," ta ce, "ko in ce kana aikin beyar?"

Ban kula ta ba. Na sa lasifika a kunne, na yi bisimilla, na ce mu je.

Wallahi rawar ta yi kyau. Wannan kam zan faɗa ko da za a ce na cika baki. Beyar, damisa, beyar, damisa, yatsuna suna tafiya kamar na mai keken ɗinki ana jibi sallah. Dodo ya kawo duka ya tarar da beyar, ya ɗaga hannu damisa ta yage shi. Jan layin da ke nuna sauran ransa ya yi ta raguwa, har muka wuce inda ba mu taɓa kaiwa ba. Na ji Solange ta ce, "Pas mal," wato ba laifi. Wanda ya san Solange ya san ba ta da yabon da ya fi wannan. Kaina ya kumbura, na fara shirya jawabin da zan yi wa Nuhu.

"Assalamu alaikum. Babana yana ciki?"

Ashe an yi sunan jikan wani abokinsa a bayan layinmu, ya wuni a can, ya ga bai dace ya koma bai leƙo mu ba. Zulai kuwa, wa ya isa ya sa ta tare Baffa a ƙofa? Ita ce ma ta ɗaga masa labule.

Jikina ne ya miƙe kafin ƙwaƙwalwata ta ba da izini. Tun ina yaro aka horar da ƙafafun nan, ba sa zama idan babba ya shigo. Garin miƙewa wayar lasifikar ta fizge daga kwamfuta, sai duk hayaniyar kogon ta cika falo, makirufon kwamfutar kuma ya ci gaba da ɗaukar duk abin da ake faɗa a ɗakin. Na rusuna, na miƙa wa Baffa hannun dama, na hagun kuma na zura shi ta baya ina laluben maɓallai.

"Babana, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, Baffa." Beyar.

"Ya Zulaihatu?"

"Lafiya lau." Damisa. (Zulaihatun tana tsaye a bayansa.)

"Ya Amadu? Ya ƙaramar, haƙoran sun fito?"

"Sun fito, Baffa." Beyar.

Na ɗauka zan iya. Har na fara jin ni wani gwani ne, mai gaisuwa da dama yana yaƙi da hagu. Sai Baffa ya dakata, ya leƙa gefena, ya ce cikin sanyin muryar nan tasa, "Ina ɗaya hannun, Babana? Yanzu da hannu guda ake gaisawa?"

Na kawo hannun hagu. Ya haɗa su biyun ya runtse a cikin nasa. A daidai lokacin, ɗan wasana yana damisa.

Ta gefen ido na ga dodo ya ɗaga kulkinsa da hannu biyu, irin dukan da ko beyar sai ya yi da gaske yake tsira. Solange tana ihu da Faransanci in canza. Nuhu yana cewa, "Koma beyar! Don girman Allah koma beyar!" Baffa kuwa ko a jikinsa, wataƙila ya ɗauka talabijin ce. Ya rufe ido ya fara addu'a. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka biyayya kamar yadda kake yi mana..."

A kan wannan kalmar na fizge hannuna.

Ba zarewa na yi a hankali ba, fizgewa na yi, har carbinsa ya faɗi ƙasa. Na yi tsalle ɗaya na kai wa maɓallin beyar duka da tafin hannu. Na ɗaga kai na dubi allo. A gaban ƙaton dodo mai kai biyu, inda ya kamata a ga beyar, wani ɗan shuɗin kifi ne kwance yana birgima a kan dutse, yana buɗe baki yana rufewa.

Kulkin ya sauka. Daga nan dodo ya juya kan jama'a. Na tsaya ina jin mutum tara suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wani yana salati, wani yana zagi da Faransanci, wani yana ta maimaita "Massa, na weti?" da Turancin buroka, wato mene ne haka.

Na juyo a hankali. Baffa yana tsaye inda na bar shi, hannuwansa a buɗe yadda suke lokacin da nawa ke ciki. Zulai tana bakin ƙofa da tiren ruwa, ta cusa gefen mayafinta a baki, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma simintin gidanmu na da ne, ko tsagewa ba ya yi. Na durƙusa na ɗauko carbin na miƙa masa, kaina a ƙasa.

Ya karɓa. Ya matso kusa da kwamfutar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Babana, wannan kifin naka ne?"

"Nawa ne, Baffa."

"Saboda shi ka karɓe hannunka?"

Na sosa ƙeya.

"To ga shi kuma kamar ya mutu."

"Ya mutu, Baffa."

"Allah ya mayar da alheri," ya ce. "Kawo hannun, ban gama ba."

Na ɗauka daga inda ya tsaya zai ɗora. Ina! Daga ina wuni ya sake farawa. Ya tambayi Zulaihatu, ya tambayi Amadu, ya sake tambayar haƙora, ni kuma ina tsugune ina amsawa, mutum tara suna saurare daga unguwanni daban-daban na Douala. Can sai na ji murya daga kwamfuta, a ladabce.

"Baffa, ina wuni? Nuhu ne, na gidan Malam Isa."

"A'a! Nuhu, kai ma kana cikin akwatin? Ya mahaifinka, ya ƙafar tasa?"

Aka yi ta Nuhu aka gama. Sannan Baffa ya tambaya wace ce matar da ke ta faɗa ɗazu, ko lafiya. Na ce shugabarmu ce. Ya gaishe ta da Faransancinsa na kasuwa, ya tambayi maigidanta da yaranta, ya sa musu albarka. Solange da ke sa ƙattin samari kuka a makaranta, sai ga ta tana cewa, "Merci, Papa," da wata 'yar murya da ban san tana da ita ba. Da ya shafa addu'a, amin ta fito daga kwamfuta ta kowace irin murya.

Bayan ya fita, Solange ta dawo da muryarta ta ainihi. Ta ce ta daɗe tana wasan nan, ta ga tanki matsoraci, ta ga tanki mai barci, amma ba ta taɓa ganin kifi ba. Ta ce bisa ƙa'ida na gama, sai dai tunda Papa ya yi wa yaranta addu'a, za ta ƙara min Asabar ɗaya, da sharaɗin in zo da fata. Nuhu kuwa hoton kifi kawai ya turo min a waya.

Kafin magariba labari ya kai ɗakin Inna, mahaifiyata, ta hanyar da ba sai na faɗa ba. Ta yi min wankin babban bargo a gaban 'ya'yana. Ranar Juma'a na sayi goro mai kyau, na sami Baffa a zaure, na tsuguna na ba shi haƙuri. Ya yi dariya har da tari, ya ce ya jikin kifin. Gaskiya da ya yi min faɗa da na fi samun sauƙi. Wannan dariyar ta fi zagi shiga jikina, don na san mutumin nan ba don ya ɓata wa kowa lokaci yake riƙe hannu ba, don yana ƙaunarmu ne.

Na koma na kwashe makina kaf daga farce da sauri, na zuba a fata. Kifin kuma na kai shi can ƙarshen allo inda sai na miƙa hannu zan taɓa shi. Beyar ɗina ya zama abin da na raina, ƙato, mai nauyi, ba ya burge kowa.

Asabar ta zo, muka shiga kogo. Na tsaya gaban dodo yana ta jibgata, Nuhu yana ta magani, ba rawa ba ado. Mun kai tsakiyar faɗan ke nan na ji sallama.

"Babana, na zo dubiya."

Har yau Zulai tana rantsuwa ba ita ta gaya masa lokacin ba. Ban yarda ba, amma ba ni da shaida. Na cire lasifikar da hannuna na ajiye, na zare wayarta don su ji dalili, na juya wa allo baya, na tsuguna na miƙa hannu biyu. Ina jin saukar kulki a bayana, tim, tim, kuma na san kujerata ce ake duka. Baffa kuwa ranar ya saki jiki. Ya tambayi kowa da kowa, har da wani maƙwabcinmu da ya tashi daga unguwar tun ina firamare. Na ga gefen bakinsa yana motsi, na gane da gangan yake yi. Ban waiwaya ba. Ya rufe ido ya ja addu'a, ni ma na rufe nawa.

Muna tsakiyarta falo ya kaure da ihu. Ba irin na wancan makon ba, wannan na murna ne. Baffa bai katse ba sai da ya kai ƙarshe muka shafa, sannan ya sake ni. Na juya na ga dodo kwance, kawunansa biyu a ƙasa, beyar ɗina yana tsaye a kansa da ɗan guntun rai, yana kallon bango. Nuhu yana nishi yana cewa yatsunsa sun mutu, kuma soyar wata guda tana kaina.

"Kujerar taka ce," in ji Solange. "Tun da na san ka, ba ka taɓa wasa mai kyau irin na yau ba."

"Amma Madame, rabin faɗan ban taɓa maɓalli ba."

"Voilà," ta ce. "Ai shi ya sa."

Har yanzu ni ne tankin ƙungiyar, kuma ina jin daɗin abina. Idan sabon shiga ya tambaye ni tsarin da zai bi, ba na tambayarsa saurin yatsunsa, ina tambayarsa su wa ke shigowa gidansu ba sanarwa. Ni kuma duk lokacin da kaina ya fara kumbura, a ofis ne ko a kogo, nakan tuna cewa ranar da na fi burge mutane a rayuwata, ina tsugune ne na juya wa aikin baya, ina cewa amin.